Gurguwar dabara a cikin manhaja: tarihin bincikenta da misalin haruffa masu ƙugiya a Nijar

0. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta shafi wani fanni na ilimin kwamfuta wanda ba safai masu nazarin harshe suke leƙa shi ba, wato binciken da ake yi a kan munanan hanyoyin tsara manhaja da yadda ake gano su. Da Faransanci ana kiran irin wannan hanya anti-patron. Mu za mu kira ta gurguwar dabara, bisa ga yadda Bahaushe yake cewa gurguwar shawara. Abin da ya sa muka kawo zancen cikin takardun sashen nazarin harsuna shi ne, hanyar da aka bi aka shigar da haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ cikin kwamfuta a ƙasar Nijar, kafin tsarin Unicode ya yaɗu, ta cika dukan sharuɗɗan da masana suka gindaya wa gurguwar dabara. Illarta kuma tana nan har yanzu, domin akwai littattafan makaranta da ƙamusoshi da kundayen ɗalibai da aka buga a wancan zamani waɗanda suke kwance cikin fayiloli da ba su karantuwa daidai. Tun da dokar sake fasalin ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, batun ceto waɗannan rubuce-rubuce ya wuce sha'awar masu adana tarihi kawai.

1. Yadda aka raɗa wa cututtukan suna

A watan Oktoba 1968 aka yi wani taro a garin Garmisch na ƙasar Jamus, inda masana suka yarda a fili cewa manyan manhajoji suna ƙetare lokacin da aka ɗibar musu, suna cin kuɗi fiye da kima, kuma gyaransu ya fi gina su wuya. A cikin wannan shekara ce Edsger Dijkstra ya buga gajeriyar wasiƙarsa ta sukar umarnin goto, wanda yake sa na'ura ta yi tsalle daga wani layi zuwa wani ba tare da tsari ba.

To amma aikin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne na David Parnas (1972). Parnas ya yi tambaya: bisa wane ma'auni ya kamata a rarraba manhaja kashi-kashi? Amsarsa ita ce, kowane kashi ya riƙe shawara guda ya ɓoye ta ga sauran, musamman shawarar da ake zaton za ta canja nan gaba. Misalin da ya yi amfani da shi ba baƙo ba ne ga mai nazarin harshe: wata ƙaramar manhaja ce da take karɓar layukan rubutu, ta jujjuya kalmomin kowane layi, sannan ta jera sakamakon bisa tsarin abacada, kamar dai yadda muke haɗa jerin wuraren da kalma ta fito a cikin matani. Ɗaya daga cikin shawarwarin da ya ce a ɓoye ita ce yadda ake ajiye haruffa a cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Idan kowane kashi ya san wannan sirri ya kuma dogara da shi, to ran da aka canja hanyar ajiya sai komai ya rushe. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Kalmar patron kuwa daga magina aka aro ta. Christopher Alexander, masanin zanen gine-gine, ya tattara a 1977 dabarun da magina suke maimaitawa saboda an jarraba su an ga ingancinsu. A 1994 Gamma da Helm da Johnson da Vlissides suka yi irin wannan tari domin masu tsara manhaja, suka bayyana dabaru 23. Shekara guda bayan haka Andrew Koenig ya juya tunanin, ya ce akwai kuma dabarun da suke kama da mafita alhali ba mafita ba ne. Littafin Brown da abokan aikinsa na 1998 shi ya yaɗa zancen, ya kuma zo da sunaye masu ban dariya da saukin tunawa. Akwai Dunƙule, wato kashi guda da ya haɗiye ayyukan kowa. Akwai Taliya, umarnin da ya sarƙe har ba a gane kansa da gindinsa. Akwai Gudumar Zinariya, kayan aiki guda da mai shi yake buga wa kowace matsala. Akwai kuma wadda aka kwatanta da narkakken dutse da ya malalo ya daskare: tsohon umarni ne da ba wanda ya san amfaninsa, ba kuma wanda yake da ƙarfin halin cire shi. A 1999 Martin Fowler, tare da Kent Beck, ya lissafa alamomi 22 da suka kira wari. Wari ba shi ne cutar ba, alama ce da take sa a je a duba.

Daga waɗannan ayyuka ana iya fitar da sharuɗɗa biyu. Na farko, dabarar ta zama ruwan dare, kuma a ranar da aka yi ta ta yi kama da hikima, sai daga baya cutarwarta ta rinjayi amfaninta. Na biyu, akwai wata hanyar da aka sani wadda ta fi ta. Kuskuren mutum guda ba ya shiga wannan aji.

2. Daga hanci zuwa awo

Raɗa suna abu ne mai sauƙi idan an kwatanta shi da ganowa a cikin manhaja mai layi dubu ɗari. Tun 1976 Thomas McCabe ya ba da hanyar ƙidaya rassan da umarni yake iya bi, a 1978 kuma Stephen Johnson ya rubuta lint, manhajar da take karanta umarnin harshen C ta nuna wuraren da ake tuhuma. Chidamber da Kemerer (1994) sun ƙara ma'aunai shida. Radu Marinescu na Timişoara a ƙasar Rumaniya shi ne ya nuna a 2004 cewa ma'auni guda ba ya isa, sai an haɗa biyu ko uku cikin ƙa'ida guda: kashin da ya yi girma ainun, yake yawan taɓa bayanan maƙwabtansa, kuma ayyukan cikinsa ba su da alaƙa da juna, shi ne ake tuhuma da zama Dunƙule.

Hanyar DECOR, wadda Naouel Moha da Yann-Gaël Guéhéneuc da Laurence Duchien da Anne-Françoise Le Meur suka buga a 2010 (aikin haɗin gwiwa ne tsakanin Montréal da Lille), ta fara ne da abin da mai nazarin harshe zai gane nan take. Sun karanta bayanan da littattafai suka yi a kan kowace gurguwar dabara, suka tsamo muhimman kalmomi, suka mayar da su ƙa'idoji, sannan na'ura ta ƙera manhajar bincike daga ƙa'idojin. A gwajin da suka yi a kan manhajar Xerces ba su kuskure ko ɗaya daga cikin wuraren da ƙwararru suka nuna ba, sai dai kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da na'ura ta tuhuma ya tabbata. Saura kuwa sai mutum ya zauna ya tace.

Bayan wannan sai bincike ya koma ga tarihi. Fabio Palomba da abokansa sun nuna a 2013 cewa akwai warin da ba a jinsa idan an dubi manhaja yadda take a yau, sai an bi diddigin canje-canjen da aka yi mata an ga waɗanne fayiloli ne kullum suke canjawa tare. Michele Tufano da abokansa kuma sun bi tarihin manhajoji 200 a 2015, suka tarar cewa galibin wari yana shiga ne tun ranar da aka ƙirƙiri fayil. Wannan ya saɓa wa zaton da ake yi cewa manhaja tana ruɓewa ne sannu a hankali. Ba za mu wuce ba sai mun ambaci Venera Arnaoudova, wadda a 2013 ta buɗe wani sabon aji da ta kira gurgun dabaru na harshe: aikin da sunansa yake alkawarin abu guda amma yake yin wani, ko suna mai siffar jam'i da yake ɗauke da tilo. Wato masana kwamfuta da kansu sun iso ga tsohuwar matsalar suna da ma'ana.

3. Ƙugiya a kan allon bugu na Faransanci

Haruffa masu ƙugiya sun zauna da gindinsu a rubutun boko na Arewacin Nijeriya tun cikin shekarun 1930. Taron Bamako na 1966, da taron da UNESCO ta shirya a nan Yamai a 1978 inda aka fitar da abacadar da za ta zama madogara ga harsunan Afirka, da taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980, duk sun tabbatar da su. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, hukumar INDRAP kuma ta ɗauki nauyin shirya littattafai. A watan Oktoba 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a ƙasar. Ta fuskar doka da ilimi ke nan ba a bar giɓi ba. Giɓin yana wajen na'ura.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 yana da gurabe 128 kacal, tsarin ISO 8859-1 na 1987 kuma ya kai su 256 domin ya ɗauki harsunan Yammacin Turai. Babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsu. An yi wani tsari na musamman domin harsunan Afirka a 1983, ISO 6438, amma don ɗakunan karatu aka yi shi, bai shiga na'urorin da ake sayarwa a kasuwa ba. Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffanmu lambarsa tun 1991 (ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257), sai dai an ɗauki shekaru fiye da goma kafin na'urori da zubin haruffa masu aiki da shi su wadata a ofisoshinmu.

A cikin wannan tazara aka yi dabarar. Zubin haruffa, wanda masu buga takardu suke kira polis, jerin zane-zane ne kawai, kowane zane a gaban lambarsa. Duk wanda ya sami manhajar gyaran zubi yana iya goge zanen wani harafin da ba a bukata ya zana ƙ a gurbinsa. Sai a danna maɓallin, ƙ ta fito a allo, ta fito a takarda. An yi haka a Yamai, an yi a Bamako domin Bambaranci, an yi a Kano inda zubin Rabi'at da Abdalla na Abdalla Uba Adamu suka yi wa marubuta da maɗaba'u hidima mai yawa. A ganinmu bai kamata a raina waɗannan mutane ba. Ba don su ba da littattafai da dama ba su fito ba, ko kuma sun fito da ƙugiyar da aka ƙara da alƙalami kamar zamanin tafireta.

To amma a duba lissafin. Haruffa huɗu ne, manya da ƙanana takwas ke nan. Haruffan boko da Hausa ba ta aiki da su uku ne, q da v da x, gurabe shida. Dole a nemo sauran a wani wuri, kuma allon bugu na Faransanci yana da maɓallan da ake iya sadaukarwa, irin su µ da £ da § da ², har da ù wadda Faransanci yake bukata a kalma guda tak. Kowane mai gyara ya zaɓi nasa guraben, ba tare da ya san abin da na gaba da shi ya zaɓa ba. A Nijar kuma matsalar ta ninka ta Kano, domin galibin abin da muke bugawa mai harshe biyu ne. Layi guda na ƙamus yana ɗauke da kalmar Hausa da fassararta ta Faransanci, Faransanci kuwa ba ya rabuwa da q da v da x. Ke nan sai an riƙa sauya zubi a tsakiyar layi. Misali, idan an ɗora ƙ a gurbin q:

(1) abin da ido yake gani: ƙasa, pays, quartier
(2) abin da yake ajiye a fayil: qasa, pays, quartier

Babu abin da ya bambanta q ta farko da ta biyu sai sunan zubin da aka shafa mata. Ma'anar harafi ta koma cikin adonsa. Wannan shi ne ainihin abin da Parnas ya yi gargaɗi a kai: shawarar yadda ake ajiye harafi, maimakon a killace ta wuri guda, ta bazu cikin kowane fayil da kowace na'ura. A shagunan buga takardu na Kalley da kewayen Babbar Kasuwa, inda ɗalibai suke kai kundayensu, zubin yana yawo ne a disket daga na'ura zuwa na'ura, wani lokaci a canja masa suna, wani lokaci a ƙara masa harafi domin Zabarmanci ko Fulatanci. Ɗalibin da aka buga masa babi biyu a shago guda, uku a wani shagon, yana iya tashi da kundi mai ƙ iri biyu, kuma ba zai sani ba muddin takarda kawai yake dubawa. Ran da aka buɗe fayil ɗin a na'urar da ba ta da zubin, ko aka zaɓi dukan matanin aka mayar da shi Times, ranar ce asiri yake tonuwa.

Christian Chanard da Andrei Popescu-Belis sun yi nazarin wannan hali na Nijar a 2001, Don Osborn kuma ya faɗaɗa zancen ga nahiyar baki ɗaya a littafinsa na 2010. Aikin gyara mafi girma da ya shafe mu shi ne shirin DiLAF, wanda Chantal Enguehard ta Jami'ar Nantes da Mathieu Mangeot suka jagoranta tare da masana harsuna na Nijar da Mali. Sun ɗauki ƙamusoshin da aka riga aka buga da manhajar Word, ciki har da ƙamus na Hausa da Faransanci na shirin Soutéba (2008) mai kalmomi sama da 7,000, suka mayar da haruffan zuwa Unicode, suka raba kowace shigarwa gida-gida ta yadda za a san kalma da ajinta da misalinta ba tare da dogaro da kauri ko karkatar rubutu ba. Wato shekaru kaɗan bayan kammala ƙamus sai da aka sake wani aikin domin a kwance dabarar da aka ɗaure shi da ita.

4. Yadda za a gano ta a cikin matanin Hausa

Idan muka bi tafarkin Marinescu da DECOR, mataki na farko shi ne a rarrabe ire-iren ɓarnar, domin ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi ita ce ta fayil ɗin da aka ajiye daidai da Unicode amma aka karanta shi da tsohon tsarin Windows. Ita wannan tana da tambari da ba ya canjawa:

(3) ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ɓ ta koma É“

Kowa ya taɓa ganin irin wannan a saƙo ko a shafin intanet. Ba a rasa kome ba, na'ura tana iya mayar da shi cikin ƙiftawar ido.

Ta biyu ita ce ta zubin da aka gyara, kuma a nan ne ilimin tsarin sauti yake shiga. Ƙidayar q da x da v kaɗai ba ta isa ba, saboda Faransancin da yake gauraye da matanin. Sai an haɗa ma'aunai. Kalmar Hausa galibi da wasali take ƙarewa, gaɓarta ba ta farawa da baƙaƙe biyu, kuma alamomi irin µ ko § ba su da abin yi a tsakiyar kalma a kowane harshe. Kalmar da ta bi tsarin gaɓar Hausa a ko'ina sai a gurbi guda, a gurbin kuma baƙon harafi ne, ita ce abar tuhuma. Daga nan sai a jarraba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a gurbin ɗaya bayan ɗaya, a ga wacce ce take ba da kalmomin da suke cikin ƙamus. Ƙananan kalmomi masu yawan fitowa, irin su ɗaya da ƙasa da ɗan da ƴan, sukan isa a warware taswirar fayil cikin shafi guda. Darasin Palomba ma yana da amfani: sanin shagon ko ofishin da fayil ya fito, da shekarar da aka buga shi, yakan faɗi zubin tun kafin a buɗe. Cikin wannan aji za mu sa haruffan da suka yi kama da namu ba su ba ne, kamar đ ta harshen Biyetnam, ko ɖ ta harshen Ewe wadda lambarta take maƙwabtaka da ta ɗ. Haka nan alamar hamza, wadda take da lambobi aƙalla uku da ido ba ya bambantawa, ga shi kuma manhajoji da yawa suna ɗaukar ta a matsayin iyakar kalma, sai su raba ma'ana gida biyu.

Ta uku ita ce wadda ba ta da wari ko kaɗan, kuma ita ta fi damunmu. Da mutane suka gaji da fayilolin da suke lalacewa a hanya, sai da yawa suka zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, a wasiƙun intanet da saƙonnin salula, har da kafofin watsa labarai na ƙasashen waje da suka daɗe suna rubuta Hausa haka. Matanin yana fitowa tsaf, ba baƙuwar alama ko ɗaya, amma:

(4) kasa / ƙasa, fada / faɗa, bata / ɓata, kare / ƙare, baki / baƙi

duk sun zama abu guda. Gano irin wannan fayil ba wuya: matanin Hausa mai shafi biyar da ba ƙ ko ɗ a cikinsa ya riga ya tona kansa. Gyaransa ne ba ya yiwuwa da taswira, domin bayanin ba ya nan. Ko wace k sai an yanke mata hukunci bisa jimlar da take ciki. Manhajojin da aka horar da matani mai inganci suna iya cankar mafi yawa, amma a jimla kamar ya je fada ko sun ga baki, mahallin jimla ɗaya ba ya raba gardama, sai an koma ga sakin layin gaba ɗaya, wani lokaci ma ga marubucin. Akwai kuma wani zagaye mara daɗi a nan: matanin da za a horar da irin waɗannan manhajoji da shi, mai ƙugiya a inda ya dace, wanda masana suka duba, shi ne dai wanda yake kulle cikin tsofaffin fayilolin aji na biyu.

Saboda haka muke ganin a fara da su. Duk ofishi ko sashe ko shagon da yake da tsohuwar na'ura ko tarin disket da faifan CD na wancan zamani, kada a kwafi fayilolin rubutu kaɗai, a kwafo har da fayilolin zubin da suke cikin na'urar, a kuma haɗa da kwafi guda na littafin yadda ya fito a takarda. Kada a buɗe fayil a sake ajiye shi kafin a yi wannan, domin wasu manhajoji suna musanya zubin da ba su samu ba da wani, sunan tsohon ya ɓace, tare da shi kuma shaidar da take bambanta q ta qasa da q ta quartier.